Waiwaye: Ina Haƙƙin Mutanen Efik A Kan Bakassi Ya Kwana?

Tun kafin Turawa su zo da taswira, masuntan ƙabilar Efik ne ke kafa bukkoki a bakin ruwan Bakassi, yankin gaɓar teku da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru, a garuruwa irin su Abana da Atabong, suna mubaya'a ga Obong, wato sarkin Kalaba. A nan hujjarsu ta samo asali, kuma ba a raina ta.

Ranar 10 ga Satumba, 1884, sarakunan Tsohuwar Kalaba suka sa hannu a wata yarjejeniya da Ingila. Abin da takardar ta yi alkawari shi ne kariya, babu inda ta ce an sayar da ƙasa. Amma a Maris 1913 Ingila da Jamus suka zauna can Turai suka ja iyaka ta kogin Akwayafe, Bakassi ta faɗa ɓangaren Kamaru ta Jamus. Ko ta kan Obong ba a bi ba. Tambayar Efik har gobe ita ce: wanda aka ba amanar gida, da wane iko zai yi kyauta da ɗaki?

Da Jamus ta sha kashi a yaƙin duniya na farko, yankin ya shiga Kudancin Kamaru, wadda Ingila ke riƙo tare da Najeriya. Shi ya sa mazauna ba su ji wani canji ba. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 Kudancin Kamaru ta zaɓi Kamaru, Arewacin Kamaru ta Ingila ta zaɓi Najeriya ta zama lardin Sardauna.

Daga nan Najeriya ce ta riƙa sare ƙafar hujjarta da kanta. A 1962 ma'aikatar harkokin waje ta aika wa Kamaru takarda da taswirar da ta nuna Bakassi a can. A 1975 Gowon da shugaban Kamaru Ahidjo suka sa hannu a sanarwar Marwa kan iyakar teku. Ana yawan cewa tukuici ne Gowon ya yi wa Ahidjo saboda goyon bayan da ya ba Najeriya a yaƙin basasa. Shi dai ya sha musantawa, kuma takardar 1913 ta girmi yaƙin da fiye da shekara 50. Ƙanshin man fetur ne ya sa abin ya yi zafi: an kashe sojojin Najeriya biyar a 1981, Abacha ya tura dakaru a ƙarshen 1993, Kamaru ta garzaya kotun duniya a 1994.

Hukuncin 10 ga Oktoba, 2002 ya fifita takardar Turawa a kan daɗewar zama. Lauyoyin Najeriya sun kawo batun haraji da makarantu da asibitocin da take gudanarwa, kotu ta ce duk wannan ba ya ture yarjejeniya. Wannan hukuncin ne kuma ya mayar da Darak ta tafkin Chadi, inda Hausawa masunta suke da yawa, hannun Kamaru, ko da yake ba a cika tunawa da su ba.

Obasanjo da shugaban Kamaru Paul Biya sun sa hannu a yarjejeniyar Greentree, wadda ta tsara yadda za a miƙa yankin, a 2006. Majalisar dattawa ta yi watsi da ita a 2007, amma bakin alƙalami ya bushe, gwamnatin 'Yar'aduwa ta miƙa yankin ranar 14 ga Agusta, 2008. Wa'adin shekara goma na neman sake duba shari'ar ya wuce a 2012, gwamnatin Jonathan ba ta nema ba. A ganina babban giɓin shi ne sau uku ana yanke makomar mutanen nan, a 1913 da 1975 da 2006, ba a taɓa tambayarsu su kaɗai ba. Waɗanda suka zaɓi ƙaura an tsugunar da su a Ikang da Akpabuyo a jihar Kuros Riba, nesa da ruwan da suka saba kamun kifi.