Gyaran Tsofaffin Babura a Gida a Sakkwato

Gyaran babur a gida shi ne hidimar da mai babur ke yi wa abin hawansa da hannunsa, a zaure ko ƙofar gida ko gindin dogon yaro, ba tare da ya kai wa bakanike ba. Ya ƙunshi juyen baƙin mai, wankin filta da kafireto, duba fulogi, ɗaure sarƙa, gyaran birki da saita inji. A Sakkwato, inda babur ya zama ƙafar ma'aikaci da ɗan kasuwa da manomi, kuma 'yan kabu-kabu ke cin abinci da shi, har yanzu akwai baburan da suka girmi masu hawansu. Yawancin abin da ke raya irin waɗannan ba gwaninta ba ce ta a zo a gani. Kiyaye su ne daga abubuwa biyu da garin ke da su a yalwace, wato ƙura da zafi.

Tarihi

Babur ya fara yawaita a birnin ne wajajen shekarun 1970. A lokacin Sakkwato ce hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, wadda aka ƙirƙira a 1967, kafin a raba ta a 1976 a samu Jihar Sakkwato, don haka garin cike yake da ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta. Ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara a 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, wanda aka biya haɗe da ariyas, ya sa ƙananan ma'aikata da dama a faɗin Najeriya suka jingine keke suka koma babur. Bashin abin hawa da ake ba ma'aikata ya ƙara taimakawa.

Baburan wancan zamani na Japan ne da Italiya. Akwai Vespa ta kamfanin Piaggio, wadda aka fara ƙerawa a 1946, jama'a na ce mata basfa, abin hawan malamai da dattawa masu babbar riga domin ba sai an ɗaga ƙafa an haye ta ba. Akwai Honda Super Cub da ta fito a 1958 da 'yan'uwanta irin su C70, da Suzuki A100, da Yamaha YB100. A 1979 aka kafa kamfanin Honda na Najeriya, mai masana'anta a Ota ta Jihar Ogun.

Honda CG125, wadda ta fito a 1975, ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin tarihinta shi ne ya bayyana dalilin da ya sa gyaran gida ke yiwuwa. Kafin a ƙera ta, injiniyoyin kamfanin sun zagaya wasu ƙasashen Asiya, suka tarar ana loda wa babur kaya fiye da ƙima, ba a juye mai sai ya yi kauri ya yi baƙi ƙirin, ba a kuma zuwa wurin gyara sai abu ya lalace. Maimakon su yi ta wa'azin kula da babur, sai suka ƙera injin da zai jure sakaci. Sun saukar da kam, wato ƙarfen da ke buɗe bawul, ƙasa kusa da mai, ya riƙa tura bawul da sanduna, suka kuma sa filtar soso wadda ake wankewa a mayar. Wannan fasali ne kamfanonin Sin suka kwaikwaya daga baya, shi ya sa har gobe ba a rasa kayan da za su shiga tsohuwar CG.

Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, sabon babur ya gagari talaka. Kasuwa ta koma ta 'yan kwatano da kayan gyara na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam. Ana jin a tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 ne sana'ar kabu-kabu ta kankama, ko da yake ba a tsayar da takamaiman lokaci ba. Bayan haka baburan Sin suka mamaye kasuwa, musamman Jincheng, wadda ƙirar Suzuki AX100 ce, sannan Bajaj Boxer ta Indiya da irin su Kasea da Daylong. Kaso mai yawa na kayan gyara yana bi ne ta hannun 'yan kasuwar Nnewi ta Jihar Anambra.

Irin inji

Tsofaffin baburan sun kasu biyu. Masu hayaƙi, irin su Vespa da A100 da YB100 da Jincheng, suna ƙona man 2T tare da fetur, kuma ba su da bawul irin na marasa hayaƙi. Wasu suna da tankin 2T dabam da ɗan famfo mai auna shi. Idan famfon ya mutu, ko aka cire shi, sai a riƙa haɗa man a cikin tanki. Ma'aunin Vespa da aka saba shi ne kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita, amma tsofaffin ƙira sun fi haka sha. Marasa hayaƙi kuwa, irin su CG125 da Cub da Boxer, baƙin mansu yana cikin inji, juye shi ake yi.

Ƙura da zafi

Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga hamada. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yakan haura digiri 40. Duk waɗannan baburan iska ce ke sanyaya su, ba su da lagireto, saboda haka laka ko maiƙon da ya toshe tsagogin jikin silinda yana hana inji hucewa. Buroshi da kananzir sun wadatar wajen wanke su.

Filtar iska ita ce ta fi komai wahala a wannan yanayi. Idan ta soso ce, a cire ta a tsoma a kananzir, a matse a tafin hannu har ruwan ya daina fita ja, ba tare da an murɗa ta ba domin murɗawa na yaga ta. A bari ta bushe a inuwa, a ɗiga mata baƙin mai mai tsabta, a sake matsewa har ya game ta ba ya ɗiga. Wannan maiƙon ne ke kama ƙura, busasshen soso kusan ado ne kawai. Ta takarda ba a wanke ta, kaɗewa ake yi ko a sauya. Akwai masu cire filta gaba ɗaya wai don babur ya buɗe. Yakan buɗe ɗin na ɗan lokaci, sai dai yashin da ke shiga yana cinye ringi da bangon silinda, daga nan sai hayaƙi da shan baƙin mai.

Sarƙa ma haka. Mai da yashi idan suka haɗu a jikinta sai su zama kamar dutsen niƙa, su cinye haƙoran siforoket. Shi ya sa ake wanke ta kafin a sa mata mai, kuma tsohon babur da har yanzu yake da murfin sarƙarsa ya fi wanda aka tsiraita daɗewa. Ana barin ta da wasan kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Sarƙa da siforoket tare ake sauya su.

Baƙin mai

Ƙananan injuna ba su wuce ɗaukar kimanin lita guda ba, kuma 20W-50 aka fi zubawa a tsofaffi saboda zafi. Ana juyewa inji na da ɗumi. Tunda kulocin yawancinsu cikin man yake iyo, wasu mayukan mota na zamani suna sa shi santsi, don haka ake neman mai alamar JASO MA. CG125 da Cub suna da ƙaramar raga da ke tace mai, wadda ake yawan mantawa da ita. Man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba.

Kafireto da saiti

Babur mai ƙin tashi da safe, ko mai mutuwa da zarar an saki totur, galibi a kafireto matsalarsa take. Ana rufe mai, a kwance kofin da ke ƙasa. A gindinsa ake tarar da tsatsar tanki da yashi, da damina kuma har ɗigon ruwa kwance ƙarƙashin fetur, musamman idan man 'yan bumburutu ake sha. Jet, wato ƙananan sukurori masu huda da fetur ke bi, guda biyu ne, babba da na silo. Ana fito da su a hura, a ɗaga sama a ga haske ta cikin hudar. Zura allura ko silin wayar birki yana faɗaɗa hudar, babur ya koma shan mai ba tare da an gane dalili ba.

Bayan an mayar, sai a bar inji ya ɗumama. Ana shigar da sukurun iska a hankali har ya tsaya, a dawo da shi kamar zagaye ɗaya da rabi, daga nan a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana sauraro har inji ya daidaita, sannan a rage silo. Fulogi ne shaida. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa, saiti ya yi. Baƙi mai kunkunniya yana nufin mai ya yi yawa ko filta ta toshe. Fari fat kuwa alama ce ta ƙarancin mai, kuma shi ya fi haɗari a bazara. Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, al'adar matse kafireto don rage shan mai ta ƙaru. Masu yi na cewa tana rage kashe kuɗi, kanikawa da dama na cewa zafin da take jawowa yana ƙona bawul da fistin.

Saitin tafet, wato daidaita tazarar da ke tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi, na marasa hayaƙi ne kaɗai, kuma sai inji ya huce sarai. Ana juya magneto har alamar T ta zo daidai da tsagar jikin inji a lokacin da bawul biyun ke rufe, a auna tazara da gejin ƙarfe. Ta CG125 milimita 0.08 ce, ta Cub 0.05. Wasu da reza suke yi, wasu da kunne. Ɗan ƙarar tafet bai kai matsewarsa illa ba.

Wuta

Baburan farko-farko suna amfani da kwantak, makunnin da ke ba fulogi wuta, wanda ake gogewa a bar masa tazarar milimita 0.3 zuwa 0.4, da batir mai bolt 6. Daga kusan shekarun 1980 CDI, na'urar lantarki mai ba fulogi wuta, da bolt 12 suka fara maye gurbinsu, kuma an mayar da tsofaffi da yawa kan sabon tsarin.

Doka

A 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal, gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, ta ɗauki matakan tsaro da suka haɗa da taƙaita zirga-zirgar babura da dare da sayar da fetur a jarka.

Abin da ya fi ƙarfin gida

Kayan aikin gida ba su wuce sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17 ba, sai sifanar fulogi, filaya da sukuddireba. Ba a tada inji a rufaffen ɗaki saboda gubar hayaƙi, ba a kuma wanki da fetur kusa da murhu. Faci na mai faci ne, naɗin kwayil na mai gyaran wuta, tsagewar firam ta mai walda. Idan silinda ya cinye, ana kai shi wurin masu injin sara su faɗaɗa shi a sa fistin mafi girma, mataki-mataki daga milimita 0.25 zuwa 0.50, 0.75 da 1.00. Daga nan sai dai a sa masa sabuwar rigar ƙarfe daga ciki ko a nemi wani silindan. Injin da aka yi wa wannan aiki ana lallaɓa shi a kwanakin farko, babu gudu babu lodi, kuma a juye baƙin mansa da wuri domin garin ƙarfen da ke taruwa a ciki.