Giɓin karatun boko tsakanin 'ya'ya mata da maza a ƙauyukan ƙasar Zazzau

Giɓin karatu tsakanin mata da maza shi ne bambancin da ake samu in aka ƙirga yara mata da yara maza ta fuska uku: shiga makaranta, zama a cikinta har a gama, da kuma abin da yaro ya iya bayan ya gama ɗin. Masu lissafin harkan ilimi suna da ma'aunin da suke amfani da shi, ana ɗaukan kason matan da ke makaranta a raba da kason mazan, in amsan ta faɗo tsakanin 0.97 da 1.03 to an yi kunnen doki kenan, in kuma ta ba da 0.80 misali, ma'ana duk inda ka ga maza goma a aji mata takwas ne. Matsalan wannan ma'auni dai ɗaya ce, rajista yake ƙirgawa, kuma duk wanda ya taɓa koyarwa a ƙauye ya san sunan da ke cikin rajista daban, ɗan da ke zaune a aji daban.

A ƙasar Zazzau abin ya fi fitowa fili sabida Zariya gari ne na ilimi. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe 1962, ga Barewa, ga Alhudahuda, ga tsohuwar kwalejin horar da malamai ta tarayya da aka mai da jami'a, ga Poli ta Nuhu Bamalli, ga makarantan koyon tuƙin jirgin sama, ga kuma zaurukan malamai na cikin ganuwa da tun kafin zuwan Bature ake tahowa daga nesa neman ilimi a cikinsu. Amma ka hau mota daga Samaru ka nufi Giwa, ko daga cikin gari ka ɗau hanyan Soba ko Hunƙuyi ko Maƙarfi, ba za ka yi awa ɗaya ba za ka sauka a ƙauyen da samun yarinyar da ta gama sakandare sai an yi ta tambaya gida gida.

Tarihi

Ba addini ne ya kawo wannan giɓi ba, kuma ya kamata a faɗi haka tun farko. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman zamaninsa da suke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis, wato mata shugabanni, suke zuwa su ɗau karatu a wajenta su koma su koyar da matan ƙauyuka. Kenan karantar da matan karkara tsohon abu ne a ƙasar Hausa.

Boko kuwa da ƙafan maza ya shigo. Turawan mulki ma'aikata suke nema, malaman ofis da alƙalai da 'ya'yan sarakuna da za su gaji mulki, dan haka makarantunsu na farko na maza ne zalla. Barewa ma da aka kafa a Katsina 1921, aka kai ta Kaduna 1938, ta dawo Zariya 1949, har gobe ta maza ce. Makarantun 'yan mata na gwamnati a Arewa sai wajen 1930 aka fara su a Kano da Katsina, su ma 'yan ƙalilan ne daga gidajen sarauta. A Zariya akwai ƙarin wani abu, mishan ɗin Dakta Miller da ya fara zama cikin birni kafin a mai da shi Wusasa ya sa mutane da yawa suka ɗauki boko a matsayin hanyan barin addini, kuma wanda yake tsoron haka ga ɗansa namiji to tsoronsa ga 'ya mace ninki ne.

A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kawo UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa, nan ne aka gina galibin ajujuwan da ake gani a ƙauyuka har yau, wasu ma ko kwanon rufin ba a sake ba. Tsofaffi na ba da labarin yanda ake ɓoye 'yan mata a rumbu ko a tura su wajen dangi in an ji masu rubuta suna sun shigo gari. A 1999 aka ƙaddamar da UBE, shirin ilimin matakin farko ga kowa, a Sakkwato, aka mai da shi doka a 2004, dokan ta ce shekara tara kyauta kuma dole, shida na firamare uku na ƙaramar sakandare, da kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigan tarayya da ake warewa, jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa.

Inda giɓin yake buɗewa

Alƙaluman da UNICEF ta daɗe tana bayarwa sun ce yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, UNESCO kuma a 2022 ta kai adadin wajen miliyan 20 da ta haɗa da 'yan shekarun sakandare. A Arewa maso Yamma, inda jihar Kaduna take, UNICEF ta ce kashi 47.3 cikin ɗari ne kawai na yara mata masu shekarun firamare suke halartan makaranta, fiye da rabi suna gida kenan.

Amma abin da jimillan lissafi ke ɓoyewa shi ne a ina ake rasa su. Ka leƙa aji ɗaya ko aji biyu a firamaren ƙauye za ka ga 'yan mata birjik da 'yan hijabansu, wani wurin ma sun fi mazan yawa tunda su mazan wasu an tura su almajirci. Daga aji huɗu ake fara zubewa, aji shida kuwa sai ka ƙirga su da yatsu, daga nan sai babban ramin, wato tsallakawa ƙaramar sakandare. Firamare kusan kowane ƙauye mai ɗan girma yana da ita, sakandare kuwa sau da yawa ɗaya ce ƙauyuka da dama suke rabawa, yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta yi tafiyan kilomita huɗu ko biyar a ƙasa ta cikin gonaki, da damina masara ta rufe hanya rafi ya cika, kuɗin acaɓa kullum kuma babu, uban da ya ce a'a a wannan halin ba ƙin ilimi yake ba, tsoro yake ji, kuma tsoron nasa yana da dalili.

Dalilai

Talla ce ta farko, kuma mutanen birni suna yawan yi mata gurguwan fahimta. Matar aure a ƙauye ba ta fita kasuwa, sana'anta a cikin gida take, ƙosai, ƙuli-ƙuli, awara, dafaffen gyaɗa, fura, kuma ƙafan da ke kai kayan nan waje ita ce 'yarta. Ribar tallan nan ita ake zubawa adashi, adashin shi ne kayan ɗakin yarinyar, gado da katifa da kwanuka da gara, kuma uwar da ta kai 'yarta ɗakin miji ba kaya ta san gorin da za su sha ita da 'yar. Dan haka in ka ce mata ta saki yarinya ta tafi makaranta tun safe har azahar, kana ce mata ne ta rufe sana'anta ta kuma bar tanadin auren. Ga aikin gona a gefe, lokacin tsinkan tumatur da barkono a fadamun Galma, ko ɓaran masara da kaka, ajujuwa suna raguwa sosai, ranan kasuwa kuwa ba a magana.

Sai aure. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 20 zuwa 24 an musu aure kafin su kai 18, kuma a Arewa maso Yamma matsakaicin shekarun auren fari bai wuce 16 ba. Mutane suna ɗauka aure ne ke cire yarinya daga makaranta, haka ne wani lokacin, amma sau da yawa abin juyawa yake, makarantan ce ta fara ƙarewa, yarinya ta zauna gida shekara ɗaya ba ta komai, maganan mutane ta fara, sai a ce ta fito da miji.

Kyauta ɗin ma ba kyauta ba ne gaba ɗaya, akwai yunifom, littattafai, takalmi, kuɗin tara, da 'yan kuɗaɗen da ake karɓa da sunan wannan da wancan. Mai 'ya'ya takwas da zai iya ɗaukan nauyin uku, mazan zai zaɓa, lissafinsa shi ne mace gidan wani za ta. Akwai kuma maganan bayan gida da ruwa, wanda ba a cika faɗa ba dan kunya, yarinyar da ta fara al'ada a makarantan da ba makewayi ba rijiya duk wata sai ta yi fashin kwanaki, kuma ba malama mace da za ta faɗa wa.

Tsaro ya zo ya ƙara dagula komai. Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Jangebe a 2021, duk 'yan mata aka kwasa daga makarantun kwana. A jihar Kaduna 2021 an sace ɗalibai a Afaka da makarantan Bethel, an kai hari Poli ta Nuhu Bamalli a nan Zariya, har gwamnati ta rufe makarantu na wani lokaci, sai kuma Kuriga a 2024. Makarantan kwana ita ce da can maganin matsalan nisa ga 'yar ƙauye, yanzu ita iyaye suka fi tsoro, kuma a wasu ƙauyukan Giwa mutanen ma gaba ɗaya suka tashi.

Ingancin karatun

A ganina nan ne gindin maganan. Manomi ba wawa ba ne, lissafi yake. Ya haƙura da tallan 'yarsa shekara shida, ranan nan ya miƙa mata takardan asibiti ko saƙon waya ta karanta masa ta kasa, ko da Hausa ne, to me za ka faɗa masa ya ƙara wasu shekara shida? Kuma a gefe ga Islamiyya da yamma, kuɗi kaɗan, malamin ɗan gari ne ba ya fashi, cikin shekara biyu yarinya tana karatun Alƙur'ani da tajwidi tana kawo hadisi, sakamakon a bayyane yake kowa na ji da kunnensa. Shi ya sa za ka ga Islamiyyun ƙauye cike da 'yan mata har da matan aure, wanda ke nuna iyayen nan ba karatun mace suke ƙi ba.

Binciken MICS na 2021, wato binciken gida gida kan halin yara da mata, ya gano yara 'yan shekara 7 zuwa 14 a Najeriya kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai suke da ƙwarewan karatu ta tushe, lissafi kuma kusan kashi 25, kuma karkara ta fi birni faɗuwa ƙasa. A 2017 gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 da aka gindaya, aka sallame su aka ce za a ɗau sabbi 25,000. An yi ta rigima da ƙungiyan malamai akan adalcin jarabawan, amma abin da ya shafi ƙauye shi ne malami mai takardan shaidan koyarwa ta NCE yawanci ɗan gari ne, in aka tura shi ƙauye a Zariya yake kwana, ya zo ƙarfe tara ya juya sha biyu, malama mace mai aure da yara kuwa da ƙyar ta yarda a kai ta can, za ta yi ta neman a dawo da ita Tudun Wada ko Sabon Gari. Sai abin ya zama zagaye, ƙauyen bai fitar da 'yan mata masu sakandare ba dan haka ba shi da malama 'yar gari, rashin malaman kuma ya sa iyaye ba su saki jiki su bar 'yan mata su girma a makarantan ba. Haka yake a asibitin ƙauye ma, miji ya ce namiji ba zai duba matarsa ba, ma'aikaciya mace kuma babu.

Ga cunkoso. Da aka fara ciyar da 'yan firamare a jihar a 2016, gwamnati ta ce rajista ta tashi daga miliyan 1.1 zuwa miliyan 2.1, abin farin ciki ne, amma ajujuwa da malamai ba su ninka ba, yara ɗari a ƙasa a aji ɗaya, wasu da an ci abinci sun watse. A irin wannan ajin yarinya mai kunya da ke zaune can baya ba wanda zai san ba ta gane ba. Ga kuma harshe, littafi da Turanci, jarabawa da Turanci, yaro bai iya karanta Hausan da yake ji ba tukuna.

Su ma mazan karkara ba wai sun tsira ba ne, almajirci da cirani da acaɓa suna kwashe su, kuma ɗan ƙauye namiji ya fi kusa da 'yar ƙauye a karatu akan yanda yake kusa da 'yar malamin jami'a a Samaru. 'Ya'yan Fulani na rugage kuwa, duk da hukuman ilimin makiyaya da aka kafa 1989 mai hedikwata a Kaduna, 'yan matansu su ne a can ƙarshen layi.

Abubuwan da aka gwada

A 2018 jihar Kaduna ta ce karatun sakandare kyauta ne ga 'yan mata a makarantun gwamnati, a shekaran kuma ta sa hannu a dokan kare yara. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na dala miliyan 500 a jihohi bakwai, Kaduna na ciki tare da Kano, Katsina, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti, aikinsa gina ƙananan sakandare kusa da ƙauyuka, gyaran ajujuwa da makewayi, da ba iyaye ɗan tallafin kuɗi in yarinya na zuwa aji. Akwai kwamitocin SBMC da ake sa mai unguwa da liman da iyaye mata su sa ido a makarantan garinsu, inda liman ya shiga da gaske ana ganin canji.

A Zariya kanta akwai Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata, wadda ta faro wajen 2007 da haɗin gwiwan masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, a ƙauyukan da ke kewaye da gari. Tsarinsu shi ne a tara 'yan mata 'yan ƙalilan a wani gida da iyaye suka yarda da shi, wata mace da ta girme su ta riƙa koya musu karatu da rubutu da lissafi daga tushe, da Hausa, tare da maganan lafiya da sana'a, wato a cike abin da firamare ta kasa bayarwa kafin yarinya ta shiga sakandare ta ji kunya ta gudu. Kafin su fara a gari sai sun zauna da iyaye maza da malaman addini, kuma wasu daga 'yan matan da suka fara da su sun dawo su ne masu koyar da na bayansu a ƙauyukan nasu.