Ciwon dunduniya da safe: me likitan ostiyofati zai iya yi a kai?

Me ya sa takun farko na safe ya fi zafi?

A tafin ƙafa akwai wata jijiya mai kauri da faɗi wadda ta tashi daga ƙashin dunduniya ta tafi har gindin yatsu, kuma ita ce take riƙe da lanƙwasar tafin. Idan doguwar tsayuwa, gudu ko ƙiba suka yi mata yawa, sai ta samu ƙananan tsage a inda ta manne da ƙashi. Cikin dare takan ɗaure, saboda haka da mutum ya sauko daga gado ya sa ƙafa a ƙasa sai ya ji kamar ya taka ƙusa, bayan 'yan takuna kuma zafin ya lafa. An fi ganin ciwon tsakanin shekara 40 zuwa 60.

Wane ne likitan ostiyofati?

Wani likita ɗan Amurka, Andrew Taylor Still, shi ya kafa wannan fanni a 1874, ya buɗe makarantarsa a garin Kirksville da ke Amurka a 1892. Aikin na hannu ne a kan gaɓoɓi da tsoka, amma ba ɗori ba ne, domin a nan babu karaya. A Birtaniya dokar 1993 ta wajabta wa masu wannan aiki yin rajista.

Me yake yi wa mai ciwon?

Ba ya tsayawa a dunduniya kaɗai. Yakan duba yadda mutum yake takawa, ya matsa sharaɓa da agara, domin idan sun ɗaure suna jan dunduniya ta baya, sannan ya sassauta idon sawu, ya tausa tafin ƙafar. Wannan yana rage zafi na ɗan lokaci, sai dai a ganina babban aikin yana gida: a miƙe ƙafa kafin a sauko daga gado, a naɗa tawul a yatsu a ja su sama, a mirgina kwalbar ruwan sanyi a ƙarƙashin tafi, a kuma daina sa silifas maras tudu.

Tsinin ƙashin dunduniya da hoton asibiti kan nuna fa?

Mutane da yawa suna da shi ba tare da wani ciwo ba, don haka ba kasafai ake cire shi ba.

Yaushe ake warkewa?

Yawanci cikin watanni, wani lokaci har shekara guda. Amma idan ƙafar ta kumbura, ko ta mutu ba a jin taɓawa, musamman ga mai ciwon suga, to asibiti ya kamata a nufa tun kafin a nemi mai tausa.