Silin da rage ƙarar ruwa a ƙarƙashin kwano mai soso

Kwano mai soso, wanda 'yan kasuwar kayan gini ke cewa fanel, rufi ne mai hawa uku: fallen ƙarfe a sama, fallen ƙarfe a ƙasa, a tsakiya kuma an cusa abin da ke tare zafi. Shi ƙarfen ba wani kauri gare shi ba, yawanci milimita 0.4 zuwa 0.6 ne, cikin ne ke da jiki, akwai mai milimita 30 akwai 50 akwai har 100. Abin da ake cusawa kala uku ne: soson foliyuritan mai ruwan ɗorawa, ko farin soso irin wanda ake samu cikin kwalin firij, ko audugar dutse wadda ake yi da narkakken dutse. An fi ganinsa a shaguna da sito da ɗakin sanyi da gidan kaji, amma yanzu masu hali a Birnin Kebbi da Gusau sun fara ɗora shi a gidan zama saboda zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40.

Wajen zafi kam yana aiki ƙwarai. Inda ake samun matsala shi ne mutane na ɗauka tunda akwai soso to ƙarar ruwan sama ma ta ƙare, sai damina ta faɗi, ruwan Agusta ya sauko da dare a ji ɗakin kamar ana kiɗan ganga, mai gida ya fara zargin kafinta alhali kafinta bai yi laifin komai ba.

Dalilin ƙarar

Abin da ke tare zafi daban, abin da ke tare sauti daban. Zafi rashin nauyi da iskar da ke kulle cikin soso ke tare shi, shi kuwa sauti nauyi yake tsoro. Fanel ba shi da nauyi, kuma soson ya sandare ya manne da fallayen biyu, to da ɗigon ruwa ya bugi na sama girgizar na bi ta ciki ta kai na ƙasa kusan yadda take. Fanel mai foliyuritan ƙarar da yake ragewa ba ta wuce wajen desibel 25 ba (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ko an ƙara kaurin soson bambancin kaɗan ne, mai audugar dutse ya fi shi don ya fi nauyi. Wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa mai azara, irin na tsofaffin gidajen Argungu ko Kaura Namoda, ya san da wuya ka ji saukar ruwa sai dai ka ji indararo na zuba, kuma ba wani sirri ba ne illa tulin ƙasar da ke bisa kai. A ƙa'idar masana, in anka ninka nauyin shinge ƙara na raguwa da kamar desibel 6, kunne kuma sai an rage 10 yake jin kamar an raba ta biyu.

Akwai kuma wata ƙara, ƙas-ƙas ɗin da ake ji da hantsi da kuma bayan la'asar. Wannan ƙarfe ne ke miƙewa yana komawa: falle mai tsawon mita 10 in zafinsa ya ƙaru da digiri 40 yakan ƙara kusan milimita 5.

Yadda ake ɗaura silin

Aikin gaba ɗaya ya tsaya kan barin fili, da sa nauyi, da raba silin da jikin kwano. Na ƙarshen nan shi aka fi sakaci da shi. Kada a buga silin kai tsaye a fallen ƙasa na fanel, na farko siririn ƙarfen ba zai riƙe kaya ba, na biyu duk sukurun da ya haɗa su ya zama hanyar da girgiza za ta bi ta sauko, in kuma sukurun ya huda har sama to an buɗe wa yoyo ƙofa. Ana rataye silin ne daga ƙarafan da ke ɗauke da rufin, a sa roba a mahaɗa, in ɗakin ƙarami ne ma ya fi kyau a kafa firam ɗin daga bango zuwa bango ya zama bai taɓa rufi ba sam. Tsakanin fanel da silin a bar ko da santimita 15 zuwa 20, a shimfiɗa audugar dutse ko ta gilashi mai kaurin milimita 50 a bayan silin, ita ce ke shanye kuwwar da ke yawo a filin. Mai shimfiɗa ta ya sa safar hannu da takunkumi don tana sa ƙaiƙayi sosai.

Sai kayan silin kansa. PVC shi anka fi so don araha da saurin aiki kuma gara ba ta cin sa, amma gaskiya wajen ƙara kusan ado ne kawai, ba shi da nauyin kirki. POP ya fi shi nesa ba kusa ba, haka allon jifsam mai faɗin mita 1.2 da tsawon 2.4, kaurin milimita 12, wanda a ɗakin kwana in anka jera biyu, mahaɗar na sama ba ta faɗa kan ta ƙasa ba, za a ji bambancin tun ruwan farko. Tsohon silin asbestos kuwa a bar shi, ƙurarsa na lalata huhu. In da katako za a yi firam, tu-bai-tu ɗin a shafe shi da maganin gara tukuna, duk da dai na ƙarfe ya fi kwanciyar hankali.

Bayan duk wannan ƙaramar kafa na iya ɓata aikin, domin inda iska ta bi nan sauti ke bi. Gefen silin inda ya haɗu da bango a cike shi, ramukan ƙwan fitila kada su yi yawa, ƙofar shiga silin a yi mata murfi mai nauyi da roba a baki. Toshe bakin rufi ta waje ma na hana jemage da ɓera da ƙurar hunturu shiga. Fanka kuma ƙugiyarta daga ƙarfen rufi za ta fito, ba daga silin ba. Wayar lantarki dole a zura ta cikin fayif, saboda soson nan na cin wuta, farin ma narkewa yake yana ɗiga, cikin kala ukun da ake cusawa a fanel audugar dutse ce kaɗai ba ta kamawa.

Masallaci da aji da zauren taro

Nan matsalar takan zama amsa-kuwwa, ba ruwa kaɗai ba: liman na karatu a lasifika muryar na dawowa daga sama, sahun baya ba su fahimtar komai. POP mai santsi ba ya maganin wannan, ƙarawa ma yake yi. Abin da ake sawa shi ne allunan silin masu taushi ko masu huji-huji, 'yan santimita 60 kowane gefe, da ake jerawa cikin firam, ga kafet a ƙasa. In ana son maganin duka biyun sai a yi silin mai nauyi a sama, a rataya masu taushin a ƙarƙashinsa.