Waiwaye: daga ƙofar kurkuku zuwa hannun mushrif

A unguwannin Hausawa na Makka da Jidda, idan yaro ya fito daga gidan yari, abin da ke biyo baya sananne ne. A je a yi wa iyaye barka, a zaunar da shi a yi masa nasiha, sannan wani dattijo ya ɗauki nauyin nema masa abin yi. Sai a kai shi wajen ɗan'uwa da ke mushrif, wato mai kula da ma'aikata, a kamfanin shara ko na jigilar kaya, ko mai garejin gyaran mota, a ce, "Alhaji, ga ɗanka nan, amana ce." Alhaji ya karɓa saboda kunya da zumunci. Daga ranar ba wanda zai koma ya tambaye shi ko ya san yadda ake riƙon mutumin da ya shekara uku sai an buɗe masa ƙofa yake fita. Wannan giɓin ne ya sa a wasu ƙasashe aka fara horar da shugabannin ma'aikata musamman a kan haka, kuma maganar tana da dogon tarihi.

Kurkuku tsohon abu ne a Makka. A zamanin Sayyidina Umar, gwamnansa Nafi'u ɗan Abdulharis ya sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a kan dirhami 4,000 aka mayar da shi wurin tsare mutane. Amma ɗauri na shekaru ba shi ne ginshiƙin hukunci ba a lokacin. A zartar wa mutum haddi ko ta'aziri, ya tashi ya koma cikin jama'a, nauyin karɓarsa kuma yana wuyansu. Matar nan ta Banu Makhzum da aka yanke wa hannu saboda sata, Nana A'isha ta ba da labarin cewa tubanta ya yi kyau, ta yi aure, tana zuwa wajenta da buƙata ita kuma ta isar wa Manzon Allah (SAW). Da aka yi wa wani bulalar shan giya wani ya ce Allah ya wulaƙanta shi, Annabi ya hana, ya ce kada a taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwa. Wannan tarbiyya ce da aka yi wa mutanen da mai laifi zai koma cikinsu, kuma a ganina ita ce ta fi saurin ɓacewa daga hannunmu.

Da ƙasa ta bunƙasa, hukunci ya koma na watanni da shekaru. Dokar kurkuku da tsarewa ta Saudiyya ta fito a 1978. Tun zamanin Sarki Fahad ake rage wa fursuna wa'adi idan ya haddace Alƙur'ani, hukumar koyar da sana'o'i ta ƙasa kuma ta buɗe wuraren koyon walda da aikin lantarki da makamantansu a cikin gidajen yari. A 2001 majalisar ministoci ta kafa kwamitin ƙasa mai kula da fursunoni da waɗanda aka sallama da iyalansu, wanda kowa ya sani da Tarahum. A 2004 aka fara shirin Munasaha ga masu tsattsauran ra'ayi, cibiyarsa ta Riyad ta buɗe a 2007, kuma can ma an gane cewa wa'azi kaɗai ba ya riƙe mutum sai an haɗa masa da aiki da aure da dangin da za su tsaya masa. A 2019 aka ɓullo da Furijat, inda jama'a ke amfani da waya su biya wa waɗanda bashi ya kai kurkuku. A Afrilun 2020 kotun ƙoli ta daina bulalar ta'aziri, aka maye gurbinta da tara ko ɗauri. Sai kamen masu ƙwaya da aka tsananta daga Afrilun 2023, wanda ya kwashi samari da yawa saboda Captagon da shabu. Waɗannan samarin za su fito, wasu ma sun fito, kuma aiki za su nema.

Matakin da ya fi shafar masu ɗaukar aiki shi ne Nitaqat, tsarin 2011 da ke auna kamfani da yawan 'yan ƙasa da ya ɗauka. A cikinsa ɗan ƙasa da ya fito daga kurkuku ana lissafa shi matsayin mutum biyu na tsawon shekara biyu. Dabara ce mai kyau, ta buɗe ƙofofi. Sai dai ribar ta tsaya a ofishin mudir, wato manajan kamfani. Shi ke ganin launin da ke nuna matsayin kamfani a tsarin ya gyaru, ya samu damar shigo da ma'aikata daga waje. Mushrif da zai wuni da sabon ma'aikacin a rana ba a faɗa masa komai, ko a faɗa masa a kunne, "Ka sa masa ido, yana da sawabiƙ," wato tarihin laifi. Ga kuma tsohuwar cutar ɗaukar aiki na bogi, inda suna ke cikin rajista mai sunan yana kwance a gida.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanyar, sun ga inda take tsayawa. Ingila ta yi dokar 1974 da ke ba mutum damar daina bayyana tsohon laifinsa bayan wani lokaci. A Amurka jihar Hawai ta fara hana tambayar tarihin laifi a farkon neman aiki a 1998. A 2003 wata masaniya, Devah Pager, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a birnin Milwaukee, inda ta tura samari neman aiki da takardu iri ɗaya. Fararen fata marasa tarihin laifi, kashi 34 cikin ɗari aka kira. Masu tarihi, kashi 17. Baƙaƙen fata marasa tarihi, kashi 14. Masu tarihi, kashi 5. Wato baƙin da bai taɓa laifi ba ma bai kamo farin da ya taɓa zaman kurkuku ba. Duk Bahaushen da ya taɓa neman aiki da fatarsa a ƙasar da ba baƙaƙe suka fi yawa ba, waɗannan alƙaluman ba za su ba shi mamaki ba.

Dokokin da suka biyo baya, har da ta gwamnatin tarayyar Amurka ta 2019, duk a kan shiga aiki suke. Daga baya ne hankali ya karkata ga zama a aikin, domin an ga ana ɗauka ana rabuwa cikin 'yan watanni. Singafo, wadda ta fara gangamin Yellow Ribbon na karɓar waɗanda suka fito daga kurkuku a 2004, tana haɗa wanda ya fito da jami'in da zai riƙa bibiyarsa a wurin aiki, tana kuma horar da waɗanda ke shugabantarsa. A Ingila kamfanin Timpson, mai gyaran takalmi da yankan makulli, kusan kashi goma cikin ɗari na ma'aikatansa daga kurkuku suka fito, har shugabansa James Timpson ya zama ministan gidajen yari a 2024. Masu yankan makullin gidajen mutane ke nan, kuma an yarda da su.

To me ake koya wa mushrif? Ɗauki gareji a Jidda, an tashi aiki ana tattara kaya, sai aka nemi injin ɗaure noti aka rasa. Ba wanda ya yi magana, amma idanu shida sun juya wuri ɗaya. Yaron da ya fito daga kurkuku ya gani, ya ajiye tsumman hannunsa, ya fara zazzage aljihu tun ba a tambaye shi ba. Mushrif da bai san kan abin ba ɗayan biyu zai yi: ko ya bar shi ya ci gaba da zazzagewa a gaban kowa, ko ya ce, "A bar maganar," zargi ya kwana a zukata. Wanda aka horar zai ce, "Mayar da aljihunka, ɗana. Kowa ya tsaya, a duba littafin kaya a ga wa ya sa hannu ya ɗauka, a leƙa ƙarƙashin motoci." Sai dai wannan yana buƙatar a ce da ma akwai littafin, kuma kowa na sa hannu, daga babban makanike har yaron shago. Rabin horon a nan yake: a kafa ƙa'ida ɗaya ga kowa tun kafin ranar ɓatan kaya.

Sauran rabin sanin halin da kurkuku ke bari a jikin mutum ne. Wanda ya saba sai an ce tashi yake tashi, zai gama aikin da aka ba shi ya tsaya cik, a ɗauka lalaci ne, alhali umarni yake jira. Wani ba ya son a tsaya masa a baya, wani tsawa kaɗan ke sa ya rufe baki kwana biyu. Akwai kuma abubuwan takarda da mushrif ya kamata ya sani. Mai hukuncin bashi ana iya cire har sulusin albashinsa, idan na ciyar da iyali ne har rabi, saboda haka wanda ya zo neman rance a tsakiyar wata ba lallai almubazzari ba ne. Zai nemi izinin zuwa kotun zartarwa, zai nemi lokacin bin takardun wanke suna. Sannan asirinsa. Dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumban 2023 ta sa tarihin laifi cikin bayanan da ake tsananta kariyarsu, amma a wajenmu labari yakan riga mutum isa wurin aiki ta bakin dangi, kuma mushrif ne kaɗai zai iya tsayar da shi a majalisar shayi. Haka kuma horon yana hana sakaci da sunan tausayi. Idan ya makara a gaya masa kamar yadda za a gaya wa kowa, domin lallaɓawa fiye da kima ita ma tana nuna masa cewa ba a ɗauke shi cikakken ma'aikaci ba.

Dole a faɗi cewa duk wannan ya fi shafar Hausawan da ke da takardar zama ɗan ƙasa. Mai igama, wato baƙo mai izinin zama, idan ya gama wa'adi, sau da yawa tarhil, wato kora zuwa ƙasarsa, ke jiransa, ta sansanin Shumaisi ya wuce jirgi ya sauka a Kano, wani ma garin da bai taɓa gani ba don a Makka aka haife shi. Tun kamen 2013 da na 2017 kowane mushrif ya san cewa ɗaukar marar takarda zai iya kai shi kansa inda yaron ya fito, kuma ba zumuncin da zai sa a roƙe shi haka. Amma ko a cikin masu igama akwai waɗanda shari'a ta taɓa ta gefe: mai sharar da mijinta ke tsare, direban da ɗansa ke jiran hukunci. Su ma suna ƙarƙashin wani mushrif, suna buƙatar a canja musu ranar hutu ta dace da ranar ziyara ba tare da an bi su da tambayoyi ba.

Tsarinmu na maigida da yaronsa ya daɗe yana wannan aikin ba tare da takarda ba, kuma ya tsamo mutane da yawa. Sai dai ya dogara ne ga halin maigida, ga shi yanzu mushrif ba shi da ikon mai shago na da, akwai mudir a samansa da manhajar da ke ƙirga mintunan makara. Tarahum na da rassa a yankunan ƙasar, tana kuma hulɗa da kamfanonin da ke ɗaukar waɗanda aka sallama. Abin da nake ganin ya dace shi ne duk kamfanin da aka lissafa wa mutum ɗaya matsayin biyu a Nitaqat, a wajabta masa tura mushrif ɗin wannan mutumin horo na 'yan kwanaki kafin ranar fara aiki, kamfanin ya biya kuɗin, a kuma ba mushrif lambar jami'in da zai kira idan al'amari ya fi ƙarfinsa.