Eriyar 5G a bakin taga: abin da dokar Amurka ta bar wa mazauna unguwa

A garuruwan Amurka da dama, zaman majalisar gari kan neman izinin kafa eriyar 5G kusan salo ɗaya yake ɗauka. Mazauna unguwa su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce falwayar daidai tagar ɗakin 'ya'yanta take, wancan ya zo da tarin takardu kan ciwon daji. 'Yan majalisa su kasa kunne har a gama. Sai lauyan gari ya tuna musu cewa duk maganar da aka yi kan lafiya ba ta da gurbi a cikin dalilan da za su yanke hukunci da su. Tun 1996 doka ta cire wannan daga hannunsu.

Abin da ya sa eriya ta sauko daga dogon ƙarfen sabis ta dawo layin gidaje shi ne yanayin igiyoyin da wani ɓangare na 5G ke amfani da su. Masu saurin kaɗawa sosai, daga gigahaz 24 zuwa gaba (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne), suna ɗaukar bayanai masu yawa amma ba su da nisan zango. 'Yan ɗaruruwan mitoci suke yi, kuma bango ko ganyen bishiya na iya tare su. Dole ke nan a yawaita ƙananan eriyoyi a kan falwayoyin lantarki da sandunan fitilun titi. Ko a wuraren da ake amfani da igiyoyi masu matsakaicin saurin kaɗawa, yawan masu waya kan sa kamfani ya ƙara irin waɗannan eriyoyi don rage cunkoso.

Dokar sadarwa ta 1996, a sashe na 704, ta bar wa jihohi da ƙananan hukumomi ikon tsara inda za a kafa eriya, amma da sharuɗɗa. Ba za su fifita wani kamfani a kan wani ba tare da dalili ba. Ba za su yi abin da zai kai ga hana sabis a yankinsu ba. In sun ƙi amincewa, sai sun yi shi a rubuce, da hujjoji masu ƙarfi a cikin fayil. Sharaɗin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne wanda ya ce ba za a hana kafa eriya saboda tasirin igiyoyin rediyo a kan muhalli ba, muddin eriyar ta cika ƙa'idar hukumar sadarwa ta tarayya, wato FCC. Kotuna sun fassara muhalli a nan da cewa ya haɗa da lafiyar mutum. Saboda haka majalisar da ta rubuta cewa ta ƙi ne don tsoron cuta, ta miƙa wa kamfani nasara a kotu da hannunta.

A watan Satumbar 2018 hukumar FCC ta ƙara matse wannan iko. Ta fayyace abin da ake nufi da ƙaramar eriya: a taƙaice wadda ke kan sandar da ba ta wuce ƙafa 50 ba, ita kanta eriyar girmanta bai wuce lita 85 ba, sauran kayan aikinta kuma kimanin lita 790. Wannan adadi na ƙarshe girman babban firji ne, don haka kalmar ƙarama kada ta ruɗi kowa. Hukumar ta ba garuruwa kwana 60 su amsa takardar neman izini idan a kan sandar da ke akwai za a ɗora, kwana 90 idan sabuwa za a kafa. Ta kuma sa ma'aunin kuɗin da take ɗauka a matsayin mai ma'ana: dala 500 ga takarda ɗaya mai eriya har biyar, dala 1,000 ga sabuwar sanda, da dala 270 a shekara kan kowace eriya. Garin da ke son karɓar fiye da haka sai ya nuna cewa ainihin abin da yake kashewa ke nan.

Garuruwa da yawa, Portland a gaba, suka garzaya kotu. A Agustan 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta 9 ta tabbatar da wa'adin kwanaki da batun kuɗi, amma ta soke wani ɓangare na takunkumin da aka sa wa garuruwa kan ƙa'idojin kyan gani. Wannan 'yar ƙofa ce da ta rage a buɗe, kuma ta fi yadda ake zato faɗi.

To, ita ƙa'idar lafiyar da komai ya rataya a kanta fa? Igiyoyin rediyo ba su da ƙarfin da zai tsinka ƙwayoyin halittar jiki kamar na'urar hoton ƙashi. Illar da aka tabbatar suna yi ita ce ɗumama jiki idan ƙarfinsu ya yi yawa. A kan wannan aka gina iyakar: aka nemo matakin da ɗumi ke fara zama matsala, aka raba shi gida 50 don jama'a. A zangon da ya haura gigahaz 2, iyakar ta FCC da ta hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da jagora kan kariya daga irin waɗannan igiyoyi, wato ICNIRP, wadda ta sabunta jagorarta a 2020, sun zo ɗaya: wat 10 a kowace murabba'in mita. Awon da hukumomi ke yi a tituna yakan nuna ɗan kaɗan ne daga wannan adadi ke kaiwa ga mai wucewa. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba a wajen taro: yawancin igiyoyin da ke shiga jikin mutum daga wayar da ke manne a kunnensa suke fitowa, kuma waya takan rage ƙarfinta idan eriya na kusa, ta ƙara shi idan tana nesa.

Masu damuwa su ma ba da ka suke magana ba. A 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa igiyoyin rediyo a rukunin 2B, wato abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa ciwon daji amma shaidar ba ta da ƙarfi. A 2018 wani shirin bincike na gwamnatin Amurka ya ga ƙari a zuciyar ɓeraye maza da aka riƙa haska wa igiyoyin 2G da 3G a duk jiki, kusan awa tara a rana, na tsawon shekara biyu. Sai dai ƙarfin da aka ba su ya zarce abin da mutum ke samu, kuma abin mamaki, ɓerayen da aka haska sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai. A 2024 wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya tattara bincike 63, bai ga alaƙa tsakanin wayar salula da ciwon daji na ƙwaƙwalwa ba.

A ganina shaidar da ke hannu ba ta goyi bayan fargabar da ake yaɗawa ba. Amma hukumar FCC ita ta ba masu shakka makami. Iyakarta ta 1996 ce, kuma a Disambar 2019 ta rufe bitar da ta buɗe tun 2013 ta ce babu abin sauyawa. A Agustan 2021 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya, ta ce hukumar ba ta yi gamsasshen bayani ba kan illolin da ba na ciwon daji ba, da batun yara, da zama cikin igiyoyin na tsawon shekaru, da tasiri a kan muhalli. A lura, kotu ba ta ce eriya na cutarwa ba, ba ta kuma soke iyakar ba. Cewa ta yi a koma a yi bayani. Duk da haka, wanda aka hana shi kawo maganar lafiya a garinsu bisa hujjar cewa akwai masana a sama da suka gama duba komai, yana da haƙƙin ya ga aikin da masanan suka yi.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Suwizalan ta sa iyaka mai tsauri a wuraren da mutane ke daɗewa, kamar gidaje da makarantu, a matsayin riga-kafi. Italiya ta daɗe a kan iyakar ƙarfin igiya ta bolt 6 a kowace mita kafin ta ɗaga zuwa 15 a 2024. Tarayyar Turai kuwa tun 2020 ta cire wa ƙananan eriyoyin da girmansu bai wuce lita 30 ba buƙatar neman izini ɗaya-ɗaya.

Batun sirri shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a nan ne aka riga aka ga ɓarna da ido. Eriya ba ta leƙen ɗaki, ba ta kuma sauraron hirar falo. Abin da take yi shi ne rubuta wace waya ce ta haɗu da ita da kuma lokacin. Idan eriya ɗaya ce ke ɗauke da gari guda, wannan bayani ba ya nuna abu mai yawa. Idan kowane layi da tasa, to ya kusa nuna ƙofar da mutum ya shiga da daren da bai kwana gida ba. A 2018, a shari'ar Carpenter, Kotun Ƙolin Amurka da rinjayen biyar a kan huɗu ta ce 'yan sanda na buƙatar sammacin alƙali kafin su karɓi irin wannan tarihi daga kamfanin waya. A waccan shari'a bayanan kwana 127 aka karɓa, masu nuna wuri har sau 12,898. Gwamnati ce hukuncin ya ɗaure, bai taɓa cinikin bayanai ba. A Afrilun 2024 FCC ta ci tarar kamfanonin waya AT&T da Verizon da T-Mobile da Sprint kusan dala miliyan 200 jimilla saboda sayar wa dillalai damar sanin inda kwastomominsu suke ba da yardarsu ba. Kamfanonin sun ƙalubalanci tarar, kuma a 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta AT&T. A gefe guda, 5G ta zo da gyara ɗaya na gaske: tana ɓoye lambar shaidar layi kafin waya ta aika ta, abin da ke wahalar da na'urorin da ke shigar burtu a matsayin eriya. Sai dai gyaran yana aiki ne kawai inda tsarin 5G ke tsaye da ƙafarsa, bai jingina da na 4G ba.

Akwai kuma rigimar maƙwabci da maƙwabci. Wata ƙa'ida ta 1996 da ta kare haƙƙin mutum ya sa kwanon tauraron ɗan'adam a gidansa, a Janairun 2021 aka faɗaɗa ta ta haɗa da eriyar da ke rarraba intanet ga wasu gidaje, in dai faɗinta bai wuce mita ɗaya ba. An kai ƙara, kotu ta tabbatar da ƙa'idar a 2022. Ma'ana, mai gida na iya ba da rufinsa, ƙungiyar masu gidajen unguwa ba ta da ta cewa sai a kan dalili na tsaro ko kare ginin tarihi.

Mazauna unguwar da suka ci nasara galibi ta hanyar takarda suka ci. Gari na iya rubuta dokarsa tun kafin kamfani ya zo: wuraren da ya fi so a kafa eriya, tazara daga gidaje muddin ba ta kai ga hana sabis ba, launi da siffar akwati, iyakar ƙarar na'urar sanyaya kayan, sanar da maƙwabta kafin a fara aiki, inshora, da wanda zai cire eriya in an daina amfani da ita. Yana iya neman kamfani ya kawo rahoton da ke nuna eriyar ta cika iyakar FCC, domin kariyar da doka ta bayar ga wadda ta cika ce kaɗai. A wajen taro, hoton da ke nuna yadda akwatin zai tare hanyar masu keken guragu, ko taswirar wata sanda a bakin babban titi da za ta yi aiki iri ɗaya, ya fi awa guda na jawabi kan ciwon daji amfani. In kuma majalisa ta ƙi, Kotun Ƙoli ta ce tun 2015, a shari'ar T-Mobile da garin Roswell, dalilan su kasance a rubuce kuma su fito kusan lokaci ɗaya da sanarwar ƙin. Duk wanda hukuncin ya shafa kwana 30 kacal yake da su ya shigar da ƙara.