Jean-Siméon Chardin

Jean-Siméon Chardin (2 ga Nuwamba 1699 zuwa 6 ga Disamba 1779) mai zane ne ɗan ƙasar Faransa, wanda ya yi suna wajen zana abubuwa marasa rai: tukwanen tagulla, kofuna, burodi, 'ya'yan itatuwa, kifi da zomayen da maharba suka kaso. Faransawa na kiran irin wannan zane "nature morte". Ya kuma zana mata da yara suna hidimarsu ta cikin gida.

Rayuwarsa

A Paris aka haife shi, mahaifinsa kafinta ne. Ya koyi aiki a hannun Pierre-Jacques Cazes da Noël-Nicolas Coypel, amma bai je Italiya ƙaro ilimi ba kamar yadda manyan masu zane na zamaninsa suka saba, kuma kusan duk rayuwarsa a Paris ya yi ta. A 1728 Makarantar Sarki ta Zane da Sassaƙa ta karɓe shi bisa zane biyu, "La Raie" da "Le Buffet". Na farkon wani faffaɗan kifin teku ne da aka farke wa ciki aka rataye a bango, ga kyanwa a gefe ta tayar da gashi, tana taka kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci. Dukansu biyu suna gidan tarihi na Louvre.

A wancan lokaci makarantar ta jera zane hawa-hawa. Zanen tarihi da labaran addini ne a sama, hoton mutane na biye, zanen abubuwa marasa rai kuwa can ƙasa, kuma kuɗinsa bai kai na sauran ba. Daga wajen 1733 Chardin ya karkata ga zanen mutane: 'yar aiki ta dawo daga kasuwa, saurayi yana hura kumfar sabulu, yaro ya zuba wa katantanwarsa ido tana juyawa a kan tebur. A 1740 ya miƙa wa Sarki Louis na 15 zane biyu, ɗaya daga ciki "Le Bénédicité", inda uwa ke jiran yaranta su yi addu'a kafin cin abinci. Masu sassaƙa a farantin tagulla sun kwafi waɗannan zanuka aka buga su da yawa, sai sunansa ya kai gidajen da ba su da ƙarfin sayen zanen fenti.

Wajen 1748 ya koma kan tukwanensa. Sarki ya yanka masa fansho a 1752, ya zama ma'ajin makarantar a 1755, a 1757 kuma aka ba shi masauki a cikin ginin Louvre, wanda a lokacin bai zama gidan tarihi ba tukuna. Da ganinsa ya raunana a shekarun 1770 ya ajiye fentin mai ya ɗauki alli mai launi, ya zana kansa sanye da tabarau, ya zana matarsa ta biyu, Françoise-Marguerite Pouget. Ɗansa Jean-Pierre, shi ma mai zane, ya riga shi rasuwa a Venice a 1772.

Salonsa

Chardin ba ya gaggawa. Zanukansa da aka sani ba su wuce kimanin 200 ba a aikin shekara hamsin. Masu zanen Holand na ƙarnin da ya gabace shi sukan cika tebur da azurfa da kayan alfarma, su goge fenti har ya yi santsi kamar madubi. Shi kuwa abu uku ko huɗu sun ishe shi: kofin ruwa, albasa, wuƙa da ƙotarta ta leƙo bakin tebur, bango mai launin ƙasa a baya. Fentinsa na da kauri da ɗan kaushi, an ɗora shi shimfiɗa kan shimfiɗa. Marubuci Denis Diderot, wanda ya rubuta sharhi kan baje kolin zanuka na Paris na 1763, ya lura cewa in mutum ya matso kusa sai komai ya cakuɗe, in ya ja baya sai siffa ta dawo. Gwanintarsa tana wajen tazarar da ke tsakanin kaya da yadda launin wani ke faɗawa jikin wani, kamar jan 'ya'yan itace da ke bayyana a cikin kofin azurfa.

Tasirinsa

Ko kafin ya rasu yayin zanen tarihi irin na tsohuwar Roma ya fara danne shi, aka yi shekaru ba a ambatonsa sosai. A tsakiyar ƙarni na 19 marubuta irin su 'yan'uwan nan biyu na gidan Goncourt suka farfaɗo da sunansa, sannan wasiyyar likita Louis La Caze ta kawo zanukansa da dama Louvre a 1869, inda matasan masu zane ke zuwa koyo.

Édouard Manet ya zana yaro mai hura kumfa a 1867 da burodin "brioche" a 1870, duka abubuwan da Chardin ya riga ya zana. Paul Cézanne ya yaba shi, kuma tuffa da tulunan da ya yi ta jerawa a tebur suna kan turbar da Chardin ya share: abin da aka zana ba shi ne muhimmi ba, yadda aka tsara shi aka kalle shi ne. Henri Matisse yana ɗalibi ya zauna a Louvre yana kwafar zanukansa, har da "La Raie". Chaïm Soutine ya zana irin wannan kifi sau da yawa a shekarun 1920. Giorgio Morandi na Bologna, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zana kwalabe da gwangwanaye, ya lissafa shi cikin waɗanda ya fi koyo daga gare su. Marcel Proust ma ya rubuta maƙala a kansa a 1895.

A 2022 an yi gwanjon zanensa na kwandon sitiroberi, wanda aka fara nunawa a 1761, a kan fiye da Yuro miliyan 24 a Paris. Gwamnatin Faransa ta hana a fita da shi daga ƙasar, aka kafa gidauniya, Louvre ta mallake shi a 2024.